Mayafin Farar Ƙasa

Shekarun baya, a 'yan watannin nan da aka ƙaddamar da shari'a jinin kowa yana tafasa, saura ƙiris in shafe kamannin mahaifiyata daga doron ƙasa da hannuna. Ina yi kuma ina ganin aikin lada nake yi. Ɗazu na biyo bayan wata motar ɗaukar kaya mai zanen zaki a ƙeyarta, na yi ta kallonsa har na wuce kwanar da zan shiga, shi ne abin ya faɗo mini a rai na ce bari in ba ku.

Mahaifiyata ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Ba wani malami ne ya hana ta ba, ita dai ba ta ga amfanin abin ba. Ranar bikin ƙanwata an kawo mai hoto har tsakar gida, ta shige madafa ta ce tuwo zai kama. In aka matsa mata sai ta ce, "Hoton me? Ba ga ni ba? Mai son ganina ya zo, ƙofar gidan a buɗe take." Mu ma muka ƙyale ta, don a lokacin ba wanda ya kawo wa ransa ranar da za a zo a tarar ba ta nan.

Tun da mahaifinmu ya rasu ta kama sana'ar ƙosai a garinmu Rano. Kullum bayan sallar asuba za ta ɗora robar jiƙaƙƙen wake a ka, ta tafi injin markaɗe da ke bakin kasuwa ta bi layi. Tana da wata irin tsayuwa da ba na kowa ba. Hannun hagu za ta mayar baya ta ɗora a ƙugu, tafin yana kallon waje, sannan ta zare ƙafar dama daga silifa ta ɗora a kan ƙwaurin hagu. Mahaifinmu da yana raye yakan tsokane ta ya ce tsayuwar zalɓe. A haka za ta iya kai rabin awa tana hira, robar nan ko gezau.

Ina da aboki tun makarantar allo. Duk sanda aka ce mu wanke allo mu yi sabon rubutu, shi sai ya zana kaza ko keke a bayan nasa, ya sha bulala ya ƙara. Da muka girma abin ya zame masa sana'a. Shi ke zana allon shagon aski, da na masu shayi, da bayan motoci. Yana da wani tsohon littafi marar bango da ya tsinto a wajen masu gwanjon littattafai a Kano, cike da hotunan mutanen da Turawan dauri suka sassaƙa da dutse. Yakan buɗe mini ya ce, "Dubi mayafin matar nan. Dutse ne fa, amma ji kake iska za ta ɗaga shi." Ni kuwa in ce masa gumaka ne, ya rufe. Daga littafin nan ya koyi yadda ake zana ninkin zani, wannan daga baya na sani.

Ni a lokacin sabon malamin firamare ne a Kibiya, sai ƙarshen mako nake zuwa gida. Na ɗage wando, na ajiye gemun da in an ƙirga bai fi gashi goma ba, na tara kaset ɗin wa'azi cike da kwali. Karatu kuwa, tsakanina da Allah, bai wuce cikin cokali ba. Amma in na buɗe baki sai ka rantse ni na rubuta littattafan. Abokina ya sa mini suna Ustazu, na san tsokana ce, amma har cikin raina ina jin daɗin sunan.

Mu huɗu ne samarin unguwa da muka haɗa kai. Ba wanda ya aike mu, ba wata hukuma da ta san da zamanmu. Muka ce za mu tsarkake gari daga zanen masu rai. Sauran suka ce a sayo baƙin fenti, ni kuma rowa ta hana ni, na ce akwai ragowar farar ƙasa da aka shafe masallacin unguwa da ita kafin salla, a dama ta kawai. Aka dama a bokiti, na ɗauki babban burushi. Ranar wata Asabar da hantsi muka fara da shagunan aski biyu, muka shafe kawunan da ke jikin allunansu. Masu shagon suna kallo ba su hana mu ba, don zamani ne da kowa ke tsoron a ce ya ƙi addini.

Daga nan wani a cikinmu ya ce ai babban zanen yana injin markaɗe. Alhaji mai injin ya sa an yi masa zane a bangon da ke ƙarƙashin rumfar kwano, bai fi mako biyu ba, mata ne reras a jiki. Na san aikin abokina ne, wannan ma ya ƙara mini ƙaimi. Na ce a raina bari a ga ba na duba fuskar kowa a kan gaskiya.

Da muka isa layin safe ya watse, injin a kashe. Na ɗaga kai sau ɗaya na ga launuka da siffofin mata, na yi maza na kawar da ido kamar wanda ya ga tsiraici. Abin da na iya tsinta shi ne duk sun ba da baya suna fuskantar injin, ban da guda ɗaya da ta waigo. Ita kaɗai ke da fuska. Na tsoma burushi har wuya, na runtse ido rabi, na yi bisimilla na zabga mata daga saman kai zuwa kafaɗa. Farar ƙasar ta yi kauri, shafa ɗaya ta rufe ta ruf.

Na sake tsoma burushin ke nan na ji an ce, "Kai, dakata."

Malaminmu ne na makarantar allo, wanda ya koya mana ni da abokina tun daga baƙi. Daga gona yake, fartanya a kafaɗa. Bayansa ga Alhaji mai injin yana saɓa babbar riga, ga abokina da wani ya je ya kira, hannunsa duk fenti. Na durƙusa na gaida Malam, burushin yana ɗiga a kan takalmina.

Malam ya ce, "Tashi. Juyo nan, ba bangon baya." Na juya. Ya ce, "Kar ka waiga. Mata nawa ne a jikin bangon nan?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, suna da dama."

"Nawa?"

"Uku ne ko huɗu."

Alhaji ya ce, "Biyar ne."

Malam ya gyaɗa kai. Ya ce, "To ka gani. Abin da ba ka duba ba kake yanke wa hukunci. Bangon naka ne?" Na ce a'a. "Alƙali ne ya aiko ka?" Na ce a'a. Na so in jawo abin da na ji a kaset, ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Maganar zanen mai rai magana ce ta malamai, tana da tsawo, ka zo zaure in buɗe maka littafi mu bi ta a hankali. Amma taɓa kayan mutum ba da izininsa ba, wannan ba ta da tsawo. Ko yaron da ke Fatiha ya san ta."

Na waiga in ga abokan tafiyata, ashe biyu sun sulale, na ukun ya ajiye bokitin yana duban sama kamar mai neman wata.

Malam ya yi sulhu a tsaye. Ya ce abin da na shafa ya zauna yadda yake, kar mai zane ya wanke, don kar abin ya zama tsokana da ramuwa a unguwa. Abin da ya saura kuma kar in ƙara taɓawa, ni da duk wanda ke tare da ni. Ya sa muka yi alƙawari mu biyu a gabansa. Alhaji ya yi ta ƙunƙuni, amma ba mai ja da Malam.

Duk wannan abin abokina yana tsaye a gefe. Farin nan kawai yake kallo. Sai da za mu watse ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ustazu, duk matan nan biyar, ita ka zaɓa?"

Na ce, "Ita ce mai fuska."

Ya dube ni ya daɗe, kamar zai ƙara wata magana, sai ya haɗiye ya tafi.

Washegari Lahadi ina tsakar gida ina wanke kayan makaranta, mahaifiyata ta dawo daga markaɗe. Ta sauke robar, ta dube ni, ta kama dariya ƙasa-ƙasa. Na ce, "Inna, lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau, Malam." Ta shiga suya tana yi tana murmushi ita kaɗai. Da ta kwashe kaskon farko ta zubo mini ƙosai fiye da na kullum, ta ce, "Ci, ka sha aiki jiya." Na ɗauka yabo ne, har da gyara zama.

Daga ranar ni da abokina muka koma gaisuwar hanya. Ba mu yi faɗa ba, amma na daina zuwa rumfarsa, shi ma ya daina leƙo gidanmu in ina nan. Hanyar injin kuwa na daina bi gaba ɗaya, saboda kunyar abin da Malam ya yi mini a bainar jama'a. Zauren Malam na je daga baya, ya buɗe littafin kamar yadda ya ce, na ga maganar tana da rassa da ban taɓa ji a kaset ba. A hankali zafin kan ya sauka, na yi aure, na zauna a Kibiya sosai. Shekara bakwai suka wuce a haka.

Mahaifiyata ta rasu cikin damina, bayan jinyar da ba ta kai mako ba. Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar arba'in, kowa ya watse. A nan abin ya fara. Sai in zauna in ce bari in tuno fuskarta, in ga ɗankwalin, in ji muryar, in ji har ƙamshin man gyaɗa a zaninta, amma fuskar ta ƙi tsayawa. In na kamo idon sai bakin ya kuɓuce. Na je gidan ƙanwata na zauna ina kallonta ko zan tsinci Inna a fuskarta, har ta tsargu ta ce, "Yaya, wani abu ne?" Ita mahaifinmu ta ɗauko. Na bi dangi gida-gida ko wani yana da hoton biki da ta faɗo a ciki ko ta gefe ne, babu. Na ji tsoro ƙwarai, irin tsoron da ban taɓa ji ba, don na ga nan da shekara ɗaya zan iya rasa ta karo na biyu. Ban gaya wa kowa ba sai ƙanwata.

Ashe ita ta gaya wa matar abokina. Wata Laraba ana tara a makaranta na ji ƙarar babur a bakin ofis. Na leƙo, abokina ne, ya yi furfura a gefen kai, hannun dai har yanzu da fenti. Ya yi mini ta'aziyya karo na biyu, sannan ya ce, "Ustazu, nemi izini ka hau mu je Rano."

Na ce, "Lafiya?"

"Zaɓe ya matso. 'Yan jam'iyya sun roƙi Alhaji bangon injin, gobe da safe za su shafe shi da fentinsu. In ba ka zo yau ba shi ke nan."

Na ce, "Ni kuma me ya haɗa ni da bangon nan? Ai na tuba."

Ya ce, "Hau dai."

Na hau, muka isa bakin kasuwa. Injin yana ta ruri, mata sun yi layi da robobinsu. Bangon ya tsufa. Hayaƙin inji ya dafa shi, hasken rana da ke shigowa ta gefen rumfa ya cinye launukan, matan zanen sun koma kamar inuwa. Farin da na shafa yana nan, ya koma ruwan toka.

Abokina ya tsayar da ni a gabansa ya ce, "Duba. Wannan karon ka duba. Fara daga ƙasa."

Na fara daga ƙasa. Silifa ɗaya a yashe, ba ƙafa a ciki. Ƙafar tana sama, a ɗore kan ƙwaurin hagu. Na bi ninkin zanin zuwa ƙugu, ga hannun hagu a baya, tafin yana kallon waje. Daga kafaɗa zuwa sama kuma aikina ne.

Na dafa bangon. Na ce, "Inna ce."

Ya ce, "Ita ce. Kwana uku na yi ina zama a kan bencin can da asuba ina kallonta kafin in zana."

Na ce, "Don Allah sake zana mini fuskar."

Ya girgiza kai. "Ba zan iya ba. Ni sai ina ganin mutum nake zana shi. Amma da me ka shafe?"

"Farar ƙasa."

"Ni kuwa da fenti mai mai na yi zanen. Farar ƙasa ba ta cin fenti mai mai, zama kawai take yi a kai. Da baƙin fentin nan kuka sayo da sai dai haƙuri." Ya miƙo mini tsumma da kwanon ruwa. Ya ce, "Da safe na je wajen Malam kan alƙawarin nan. Ya tsufa sosai amma bai manta ba. Ya ce ni ba zan wanke ba, alƙawari alƙawari ne. In wanda ya shafa ya ga dama, ya wanke da hannunsa."

Na jiƙa tsumman. Na fara daga kafaɗa. Da farko ba abin da ya fito sai farin ruwa yana gangarowa ta gwiwar hannuna. Na ƙara ruwa, na bari ya jiƙu, na goga a hankali. Sai ga haɓa. Sai ga baki a buɗe tana dariya, da wushiryar nan tata. Sai ga billen da ke kuncinta na hagu, wanda wallahi na manta da shi sam. Sai idanun, ta waigo kamar wani ya kira ta daga baya tana shirin ba shi amsa.

Duk bangon ya koɗe, amma fuskar nan sabuwa fil, kamar jiya aka ajiye burushi. Hayaƙi bai taɓa ta ba, rana ba ta taɓa ta ba. Shekara bakwai farar ƙasar da na shafa don in kashe ta tana tsare da ita.

Ban san sanda Alhaji ya kashe injin ba, sai dai na ji wurin ya yi tsit. Wata tsohuwa a cikin layin ta sauke robarta ta ce, "Allah ya jiƙan mai ƙosai." Sauran suka amsa da amin. Ni kuwa na durƙusa a wurin, da gemuna da komai, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da na natsu muka zauna a kan bencin. Na tambaye shi abin da ke cin raina. Na ce, "Ta san ita ce a jiki?"

Ya yi dariya. "Tun ranar farko. Ta tsaya ta kalla ta ce, 'Kai ɗan nan, wa ya aike ka? Ka kuma ƙara mini hanci.' Amma kullum in ta zo sai ta ɗan saci kallonsa."

"Da na shafe fa?"

"Washegari na same ta a nan, raina a ɓace, na ce Inna kin ga abin da ɗanki ya yi. Na ce zan je in gaya maka ko wace ce ka shafe, ko kunya ta kama ka. Ta ce kar in kuskura. Ta ce, 'Bar shi. Ya ga uwarsa tsaye a bakin kasuwa ba lulluɓi, ya yafa mata mayafi. Ai ɗa na gari ke nan.'"

Sai a lokacin na gane dariyar ranar Lahadin nan, da ƙosan da aka ƙara mini.

Alhaji, Allah ya saka masa, ya ce wa 'yan jam'iyya su shafe ko'ina amma ban da wurin nan. Haka Inna ta yi shekaru tana bin layi a tsakiyar kirarin ɗan takara, har wata damina mai ƙarfi ta kwantar da bangon. Kafin nan na kawo mai hoto ya ɗauka. Matar da ta guje wa mai hoto duk rayuwarta, ƙarshe a tsaye ya same ta, ƙafa ɗaya a sama, ba damar shigewa madafa.

Ni ba malami ba ne, ba kuma fatawa na zo bayarwa ba, mai neman hukunci ya je zauren masu shi kamar yadda aka tura ni. Abin da na sani shi ne tun daga ranar ba na wuce zane ban tsaya ba. Allon mai aski ne, bayan mota ne, tsohon adon da magina suka yi a goshin zaure ne, sai na tsaya na ƙirga abin da ke jiki, na tambayi kaina wa ya zauna a kan benci yana kallo kafin ya yi wannan. Littafin nan marar bango ma na karɓa na duba, na ga mayafin dutsen, na ce wa abokina ya yi gaskiya. Ina gode wa Malam, Allah ya jiƙansa, da ya ce in dakata kafin shafa ta biyu. Ina gode wa abokina da ya riƙe alƙawari biyu shekara bakwai, na Malam da na Inna, yana ganina a hanya yana gaishe ni. Har rowata nake gode wa Allah a kanta.

A hoton da ke ɗakina, in ka duba da kyau za ka ga wani farin zirin da ya zagaye saman kanta ya sauko kafaɗa. Ranar wankin abokina ya nuna mini shi ya ce, "Ga saura nan, ƙarasa." Na matse tsumman na ajiye. Na ce masa a bar mata, mayafinta ne.